Tumatir A Fadamun Anka, Gummi Da Bukkuyum: Ba Duk Ja Ne Ɗaya Ba

A kowace shekara, daga watan Janairu zuwa Maris, lokacin da amfanin noman rani ke fitowa daga fadamun Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, tumatir kan cika kasuwannin ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum har wani lokaci ya rasa mai saye. A irin wannan lokaci tambayoyin da ake yi a bakin kwando ba su wuce uku ba: nawa ne, yaushe aka tsinke shi, kuma zai iya kaiwa Legas bai ruɓe ba? Dillali taurinsa yake dubawa, uwargida tana duba jansa da kaurin da zai yi wa miya, shi kuwa manomi yana can yana lissafin kuɗin fetur da taki da maganin feshi. Da wuya ka ji wanda ya tambayi abin da wannan iri ya ƙunsa na amfani ko na cutarwa ga jikin mai ci, domin a ganinmu tumatir dai tumatir ne.

Binciken masana na shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa lamarin ba haka yake ba. Ire-iren tumatir sun bambanta ta fuskoki biyu da suka shafi lafiya kai tsaye: yawan sinadaran da ke kare jiki daga lalacewa, da kuma yawan wasu sinadaran da jikin wasu mutane ba ya karɓa. Fannina nazarin harshe ne, kuma ta wannan ƙofa na shigo batun, domin na lura cewa abubuwan nan guda biyu ba su da tsayayyen suna a Hausa, abin da ba shi da suna kuwa wuyar tambaya gare shi, balle a yi maganinsa.

Baƙo ne da ya zama ɗan gari

Asalin tumatir yankin duwatsun Andis ne a Kudancin Amurka, wajajen Peru da Ekwado na yau, amma a Meziko aka mayar da shi abin nomawa. Mutanen Aztek suna kiran sa da kalmar tomatl a harshensu na Nahuwatil. Bayan da Sifaniyawa suka ci Meziko da yaƙi a 1521 sai suka ɗauko shi zuwa Turai tare da sunansa, har wani masanin tsirrai na Italiya mai suna Mattioli ya bayyana shi a rubuce a 1544. Daga bakin Turawa kalmar ta bazu a duniya, ta iso mana muka gyara ta yadda harshenmu zai iya ɗauka, wasu su ce tumatir wasu su ce tumatur. Da ya iso ƙasar Hausa ya tarar da danginsa, domin gida ɗaya suka fito da gauta da yalo da barkono da tattasai da attaruhu da dankalin Turawa, har ma da taba da zaƙami.

Wani abin sha'awa shi ne sunan da masana kimiyya suka san shi da shi tun 1753, wato Solanum lycopersicum. Kashi na biyu na sunan daga Girkanci yake, kuma ma'anarsa ɗan itacen kyarkeci, saboda Turawan da sun daɗe suna ɗari-ɗari da shi suna zaton guba ne. Mu ma haka muka yi wa wani danginsa na daji da ba a ci, muka ce masa gautan kura. Daga wannan suna na kyarkeci aka ciro sunan sinadarin da ke ba tumatir launin ja, wanda zan riƙa kira laikofin a wannan rubutu.

A lambunanmu na Arewa akwai ire-ire da dama. Akwai na kamfani irin su Roma da Rio Grande da UC82B, wanda haruffa biyun farko na sunansa ke nuna Jami'ar Kalifoniya inda aka samar da shi, akwai wanda 'yan kasuwa ke kira UTC, akwai masu sunan gida irin su Ɗan Siriya da Ɗan Eka, sannan ga sababbin ire-ire na aure da ake sayarwa a ƙananan gwangwanaye, waɗanda dole sai an sake sayen irinsu kowace shekara. Abin da ya sa manoma suka rungumi Roma da UC82B a bayyane yake: suna da tauri, ruwansu kaɗan ne, suna jure doguwar tafiya a cikin kwando.

Masu hana tsatsa

Kalmar antioksidan ta shigo bakin 'yan boko, har masu tallar magani da lasifika sun fara ara, amma kaɗan ne ke iya bayyana ta. Duk wanda ya taɓa yanka gauta ya ajiye ya ga yadda take yin baƙi, ko ya bar lauje a waje ya tarar ya yi tsatsa, ya ga aikin iskar oksijin. Irin wannan lalacewa tana faruwa a cikin ƙwayoyin halittar jikinmu a hankali, kuma akwai sinadarai a cikin abinci da ke rage ta. Saboda haka nake ganin babu laifi mu kira su masu hana tsatsa, domin ko tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta gane abin da ake nufi.

Tumatir na ɗauke da irinsu da yawa, amma manyan su ne laikofin da bitamin C da bita-karotin, wanda jiki ke mayarwa bitamin A, da wasu da suka fi taruwa a ɓawo. A giram 100 na ɗanyen jan tumatir akan sami kimanin miligiram 3 na laikofin da kimanin miligiram 14 na bitamin C. Wannan matsakaicin lissafi ne, domin launi na faɗin abubuwa da yawa. Irin da ya yi ja wur har cikin tsokarsa ya fi laikofin, mai launin rawaya kusan ba shi da shi, mai ruwan lemo kuma sau da yawa bita-karotin ya fi yawa a cikinsa. Akwai ma wani mai ruwan lemo da ake kira tanjarin, wanda masu bincike na Jami'ar Jihar Ohayo a Amurka suka nuna a 2015 cewa jiki ya fi saurin tsotse nasa laikofin ɗin fiye da na jan tumatir har ninki 8 da ɗoriya. A 2012 Jami'ar Jihar Oregon ta fitar da wani iri mai launin shunayya da ake kira Indigo Rose, wanda ɓawonsa ke ɗauke da dangin sinadarin da ke ba zoɓo launinsa. Ƙananan tumatir kuwa, irin waɗanda muke rainawa a kasuwa, ɓawonsu ya fi yawa idan aka kwatanta da girmansu, kuma ɓawo ya fi tsoka laikofin.

Bayan iri, sai yanayi. Laikofin ya fi samuwa idan tumatir ya nuna a zafin da ke tsakanin digiri 20 zuwa 25, idan kuwa zafi ya haura digiri 32 sai samuwarsa ta tsaya. Wannan shi ne bayanin abin da kowane manomi a Gummi ya sani da ido: tumatirin hunturu ja ne jawur, na bazara kuwa, lokacin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, sai ya fito fari-fari ko ruwan lemo, musamman ɓangaren da rana ta buga. Irin da ke da yalwar ganye da ke yi wa 'ya'yan inuwa ya fi riƙe jansa a wannan lokaci.

Ta fuskar girki kuwa, iyayenmu mata sun riga masana. A 2002 masu bincike na Jami'ar Kornel sun dafa tumatir a zafin digiri 88, suka tarar bayan minti 30 bitamin C ya ragu da kashi 29 cikin ɗari, amma laikofin ɗin da ake iya samu ya ƙaru da kashi 164 cikin ɗari, domin zafi na fasa ƙwayoyin da suka kulle shi. Laikofin kuma a cikin mai yake narkewa, ba a ruwa ba. Ke nan markaɗe da ɓawonsa, a soya shi da man gyaɗa ko manja, yadda ake yin miyar dage-dage, ita ce hanyar da ta fi ba jiki laikofin, yayin da ɗanyen tumatirin da ake yankawa a kwaɗo ko a gefen tsire shi ke ba da bitamin C. Abin da ke ɓata lissafin shi ne yawan zuba kanwa don kashe tsami, domin kanwa na lalata bitamin C.

Sai dai a yi hattara da zuzutawa. A 1995 wani bincike na Jami'ar Harvard a kan maza kusan 48,000 ya nuna cewa masu yawan cin abincin da aka yi da tumatir ba su cika kamuwa da sankarar furosta ba, wato ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Amma da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta auna dukkan hujjojin a 2005, sai ta ce hujjar tumatir ƙalilan ce ƙwarai, ta ƙwayar laikofin da ake sayarwa a kwalba kuwa ba ta samu ba. Tumatir abinci ne mai kyau a cikin sauran abinci, duk wanda ya sayar maka da shi a matsayin maganin daji kuwa aljihunka yake nema.

Abin da jiki ba ya karɓa

Kalma ta biyu ita ce wadda matasa ke rubutawa alaji, har ta kusa rikicewa da alhaji. Wani likitan yara ɗan ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet, shi ya ƙirƙiro ta a 1906 daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar aiki na daban, wato garkuwar jiki ta ɗauki abin da ba cuta ba a matsayin abokin gaba ta far masa. Hausa na da sunayen alamomin: borin jini, ƙaiƙayi, atishawa, kumburi, fuka. Muna kuma cewa abu kaza bai karɓe ni ba. Na sha jarraba ɗalibaina da su fassara kalmar, kuma kusan kullum sai aji ya rabu, wasu su kawo borin jini, wasu su kawo ƙwannafi, wasu ma su kawo sammu. Wannan rabuwa ita ce ainihin matsalar da ma'aikacin lafiya ke fuskanta a ɗakin duba marasa lafiya.

A jikin tumatir masana sun gano furotin da dama da ke iya tayar da garkuwar jiki, suka jera su da lamba. Ɗaya daga ciki, mai suna Sola l 4, shi ne wanda ayarin Farfesa Wilfried Schwab na Jami'ar Fasaha ta Munik a Jamus ya auna a ire-iren tumatir 23, aka buga sakamakon a 2018. Sun tarar yawansa ya kama daga maikirogiram 0.24 zuwa 1.71 a kowane giram, wato wani irin ya ninka wani kusan sau 7. Rugantino da Rhianna su ne mafiya ƙaranci, Farbini da Orama kuma mafiya yawa. Sun kuma gano cewa iri ne ya fi tasiri, bambancin noma da takin zamani ko na gargajiya bai taka wata rawa mai yawa ba, sannan busarwa na rage wannan furotin sosai domin ba ya jure zafi.

Bai kamata mu kwaso wannan sakamako mu ɗora wa Zamfara yadda yake ba. Sola l 4 ya fi damun mutanen da tun farko jikinsu ba ya karɓar ƙurar furen wata bishiya ta ƙasashen sanyi da ake kira baac, wadda ba ta fitowa a ƙasarmu. Amma akwai wasu furotin ɗin da suka fi kusa da mu. Ɗaya yana da alaƙa da ƙurar furen ciyawa, wadda muke shaƙa a ƙarshen damina, kuma yakan jawo ƙaiƙayin leɓe da baki da maƙogwaro idan an ci ɗanyen tumatir. Wani kuma, wanda ya fi taruwa a ɓawo da 'ya'yan ciki, yana jure dahuwa, kuma shi ne ke iya kawo matsala mai tsanani. Haka nan ma'aikatan asibiti da safar hannu ta roba ke sa wa ƙaiƙayi, wasunsu kan ji irin haka idan sun ci ayaba ko fiya ko tumatir. Darasin Munik da ya shafe mu shi ne cewa ana iya aunawa, kuma iri ya fi iri.

Ga mai karatu, bambancin da ya kamata a riƙe shi ne wannan. Zafin ƙirji bayan cin miya mai tsami ƙwannafi ne, aikin tsami ne, ba na garkuwar jiki ba. Amma idan cikin mintuna bayan cin abu leɓe ko harshe ya kumbura, jiki ya yi borin jini, murya ta shaƙe ko numfashi ya yi wuya, to wannan lamari ne na gaggawa da ke buƙatar allurar adirenalin a asibiti. Ƙwayar Piriton tana rage ƙaiƙayi ne kawai, ba ta buɗe maƙogwaron da ya toshe.

Inda gizo ke saƙar

A yammacin Zamfara akwai abin da ya fi duk wannan nauyi. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, bincike kuma ya tabbatar da cewa gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake dakawa da niƙawa a cikin gidaje. Sama da yara 400 suka rasu. Sunayen 'Yargalma da Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Bagega sun shiga jaridun duniya, kuma a wasu wurare an auna dalma a ƙasa fiye da kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta amince da ita a wurin zaman jama'a a lokacin 400 ce. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyukan, aka kammala da Bagega a 2013. Wani bincike da Simba Tirima ya jagoranta, wanda aka buga a 2018, ya nuna cewa abinci ma hanya ce da dalma ta bi ta shiga jikin yaran, kuma mafi yawan gurɓatar ta faru ne bayan girbi, wajen sarrafawa.

Nan ne batun ya haɗu da tumatir. Idan kasuwa ta faɗi, manomi ba shi da zaɓi sai ya yanka ya shanya ya yi kauɗa, kuma mun san inda ake shanyar: a ƙasa, a kan dutse, a gefen titi. Shi ɗan tumatir ba ya jawo dalma mai yawa daga ƙasa ta saiwa, idan aka kwatanta da ganye da masu saiwa. Haɗarin yana ga ƙurar da ke manne wa yankakken tumatir mai danshi na tsawon kwanaki. Kauɗa abu ne mai daraja, domin da yake kusan kashi 95 cikin ɗari na tumatir ruwa ne, busasshensa ya ninka ɗanye laikofin fiye da sau goma. Amma kauɗar da aka shanya kusa da inda ake niƙa dutse tana iya zama hanyar kai guba cikin tukunya, kuma dahuwa ba ta kashe dalma. Gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a jihar a watan Disamba na 2024, bayan an sa shi a 2019, saboda haka wannan gargaɗi na yau ne. Babu kuma wani mai hana tsatsa da ke fitar da dalma daga jinin yaro, wannan aikin maganin asibiti ne, ko da yake abinci mai wadatar sinadarin ƙarfe da kalsiyam da bitamin C na rage yawan wadda hanji ke tsotsa.

Na biyu shi ne maganin feshi. Tun da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Arewa a 2016, har Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kanta, feshi ya ƙaru, wasu kuma na tsinka ba tare da jiran kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba ba. Manomin da hannunsa ke ƙaiƙayi, ko yaron da ya yi amai bayan cin ɗanyen tumatir a lambu, yana iya ɗora wa tumatir laifin da na magani ne.

Na uku shi ne asarar iri. Ƙauyen da 'yan bindiga suka tasa, kamar yadda aka gani a hare-haren Anka da Bukkuyum na watan Janairun 2022, ya bar gida da rumbu, ya kuma bar irin da aka yi shekaru ana ajiyewa a ƙulle cikin tsumma, wanda ya saba da ƙasar wurin da zafinta. Idan irin ya ɓace, sunansa ma ya bi shi, kuma an rasa damar sanin abin da ya ƙunsa.

Abin yi

Muna da cibiyoyin da za su iya wannan aiki. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da cibiyar NIHORT mai reshe a Bagauda, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, za su iya tattara ire-iren da ake nomawa daga Daki Takwas zuwa Nasarawar Burkullu, su auna laikofin da bitamin C na kowanne a hunturu da bazara, su kai samfurinsu ma'ajiyar iri ta ƙasa, NACGRAB, da ke Ibadan. Mu kuma na sassan Hausa mu bi su da littafi muna rubuta sunan kowane iri da yadda manoma ke siffanta shi, sannan mu zauna da likitoci mu tsayar da kalmomin da za a riƙa amfani da su a rediyo da asibiti.

Ƙananan hukumomin uku kuwa ba sa buƙatar jiran masana'anta. Masana'antar Dangote ta Kadawa, wadda aka buɗe a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, ta sha tsayawa saboda rashin isasshen tumatir, wanda ke nuna cewa babban gini kaɗai ba ya warware matsala. Gadon shanya na katako da raga, wanda ya ɗaga daga ƙasa, nesa da injin niƙa dutse da bakin titi, kafinta na gari zai iya yin sa, kuma kuɗinsa bai kai na taron siyasa guda ba. Malaman gona su koya wa manoma kiyaye kwanakin feshi, ma'aikatan asibitocin Anka da Gummi da Bukkuyum kuma su riƙa rubuta abin da majiyyaci ya ci idan ya zo da borin jini, domin daga irin wannan rajista ake samun alƙaluman gida.

Mu kuma da ke saye a birni, mu zaɓi wanda ya nuna sosai, mu wanke shi kafin markaɗe, mu wanke kauɗa fiye da sau ɗaya mu zubar da ruwan, mu rage kanwa, mu kuma saba da tambayar mai kwando sunan irin da wurin da ya fito. Ranar da masu saye suka fara wannan tambaya, dillali zai kai ta ga manomi, manomi kuma zai kai ta ga mai sayar da iri. Allah ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara, manoma su koma fadamunsu.